Tsakanin Zaure da Katanga a Birnin Tamale



Duk wanda ya tashi daga Sabonjida a kan babur, ya ratsa tsakiyar Tamale ta gindin gadar saman da aka buɗe a 2022, ya miƙe titin Bolgatanga har ya karkata zuwa Gumani ko Jisonayili, tafiyarsa ba za ta kai rabin sa'a ba. Amma abin da zai tarar a ƙarshen tafiyar ya yi hannun riga da abin da ya baro a farkonta. A nan wajenmu gida na jingine da gida, lungu ba ya ɗaukar mota, kwata na bi ta ƙofar kowa, mai koko da ƙosai ta ɗora tukunya tun kafin a sallame sallar asuba, yara kuma sun cika rariya. A can kuwa doguwar katanga ce da waya a bisanta, da ƙofar ƙarfe, da baƙin tankin ruwa a kan dogayen ƙafafu, da allon wata ƙungiyar agaji ta ƙasashen waje. Mutum sai ya wuce gida goma bai ji wanda zai amsa masa sallama ba.

Mu da Allah ya ɗora wa riƙe alƙalami a gaban dattawan unguwa, muna rubuta wasiƙunsu, muna ajiye littafin gudummawa da na sulhu, wannan bambanci ba a bakin titi kaɗai muke ganinsa ba. Yana zuwa ya same mu a kan tabarma, cikin ƙorafin da ake kawowa: rikicin layin famfo, kwatar wani ta fashe cikin gidan wani, mai gida ya nemi kuɗin hayar shekara biyu a dunƙule alhali dokar haya ta 1963 ba ta yarda a karɓi fiye da na wata shida ba, magada sun kasa haɗa kai su gyara rufin da ke yoyo a kan gyatumarsu. Idan aka bi diddigin yawancin waɗannan ƙararraki, sai a tarar akwai wani ɗan gidan da Allah ya buɗa wa, wanda ya tare a Kalpohin ko Vittin ko wata sabuwar unguwa, wanda da ya sa hannu da maganar ba ta iso gaban dattawa ba. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi magana.

Kafin a zargi kowa, ya kamata a san inda rabon ya samo asali, domin ya girmi duk wanda ke raye a yau. A 1907 ne Turawan Ingila suka ɗauko hedkwatar mulkin Arewa daga Gambaga suka dawo da ita Tamale, wadda a lokacin tarin ƙauyukan Dagomba ce ƙarƙashin Gulkpe Naa da Dakpema, a cikin ƙasar Ya-Na na Yendi. Suka yanka garin gunduma-gunduma da haruffan boko, har yau kuwa akwai unguwar da ba a san ta da wani suna ba sai Ward K. Suka keɓe wa kansu da manyan ma'aikatansu wuri mai fili da itatuwa, suka bar 'yan ƙasa da baƙin fatake su cunkushe kusa da kasuwa. Haka suka yi a Kano, inda Nasarawa ta zama ta Bature, Fagge da Sabon Gari suka zama na baƙi, har doka ta tanadi a bar filin yadi 440 babu gini tsakanin mazaunin Bature da na baƙar fata. Haka kuma Nima ta tashi a Accra, tana hangen gidajen manya daga tsallaken titi. Da Bature ya tafi, ɗan ƙasa mai takardar boko ya shiga gidan, shatar kuwa ta tsaya yadda aka zana ta.

Kakanninmu Hausawa da Mosawa da Zabarmawa da Yarbawa sun shigo ne ta hanyar goro da shanu, da yawansu bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fataken Gwanja, suka sauka a hannun Dagomba masu ƙasa, aka yi auratayya har aka zama dangi. Sunan unguwarmu ma shaida ne: Sabon Gida ne harshen Dagomba ya lanƙwasa ya koma Sabonjida. Sai dai Turawa sun ɗauki Arewa a matsayin rumbun lebura na ma'adinai da gonakin koko na Kudu, saboda haka suka yi rowar makaranta. Mfantsipim ta Cape Coast tun 1876 take, amma sai a 1951 Tamale ta sami sakandaren gwamnati, shekara 75 ke nan tsakani. Iyayenmu kuma, saboda kishin addini, suka riƙe 'ya'yansu a makarantar allo, suka yi wa ta boko kallon tarko. Ga kuma dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969, wadda ta koya wa mutanen zango cewa wanda ya zuba dukiyarsa a gini yana iya wayar gari an ce ya tattara ya bar ƙasa. Mutumin da aka taɓa tsoratarwa haka ba ya saurin yin ginin siminti.

To, wannan tarihi ne, kuma tarihi ba ya ɗebo wa kowa ruwa. Mu zo kan ruwan, domin a Tamale babu ma'aunin arziki da ya fi shi gaskiya. Ruwan famfon garin nan daga matatar Dalun yake zuwa, wadda ke jan ruwa daga kogin Volta Fari a Nawuni. An gina ta ne lokacin da garin bai kai rabin rabin yadda yake yanzu ba, an kuma faɗaɗa ta a 2008, amma jama'a sun riga ta gudu. Ƙidayar 2021 ta nuna Tamale da Sagnarigu, waɗanda yanzu gini ya haɗe su, sun haura mutum 700,000. Ƙasar nan kuma ba ta da albarkar ruwan ƙarƙashi. Sau da yawa a haƙa rijiyar burtsatse a tashi a tutar babu. A 2020 an aza harsashin sabon aikin da zai jawo ruwa daga Yapei, aka yi murna, shekaru suka shuɗe ana jira. Saboda haka rabo ake yi: yau a buɗe wa wannan yanki, a rufe wa wancan, da rani kuma wani layin sai ya yi makonni famfo bai yi ko tari ba.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa famfon masu katanga ba ya ƙafewa. Yana ƙafewa, hasali ma wasu sababbin unguwannin ko bututu bai kai musu ba. Bambancin yana wajen ajiya. Mai hali yana da tankin ƙasa da na sama da injin ja. Ranar da aka saki ruwa, ko da tsakar dare ne, injinsa zai zuƙe abin da zai ishe shi mako biyu, ƙarfin ruwan kuma ya ragu ga wanda ke ƙarshen layi. In abin ya ƙi, ya kira tanka ta cika masa. Matar Sabonjida kuwa abin da take da shi randa ne da duro ɗaya da rawayen jarkokin nan da ake kira galan ɗin Kufuor. Ita ce za ta tashi ƙarfe biyun dare in ta ji an ce ruwa ya zo, ita ce za ta tura 'yarta da jarka a bayan keke, yarinyar ta isa aji an riga an yi darasi biyu. Idan kuma saye za ta yi, jarka-jarka take saye, wanda duk ya taɓa kasuwanci kuwa ya san mai sayen ɗai-ɗai ya fi mai sari biyan tsada. Ashe talaka ya fi mai kuɗi biyan kuɗin ruwa, ga kuma barcinsa da karatun 'yarsa da ya haɗa a ciki. Mun sha raba faɗa a bakin famfo tsakanin matan da suka yi shekara talatin suna maƙwabtaka, kowace ta yi wa 'yar'uwarta wankan jego. In an zauna sulhu sai a rasa wadda za a ba rashin gaskiya.

Sai al'ada, wadda ita ce ta fi damun dattawa. Gidan Bahaushe na da zaure, gidan Badagombe ma na da irinsa, wanda suke kira zong. A nan maigida ke zama, a nan baƙo ke sauka, a nan ake fitar da tuwon dare maƙwabta su haɗu a kan akushi ɗaya, almajiri ya sami rabonsa, wanda ya kwana biyu bai fito ba a tura yaro ya dubo shi. Zaure ƙofa ce da ke rufe mutuncin mata a ciki, ta kuma bar maigida a hannun jama'a. Sabon ginin da ake yi a Jisonayili da Fuo da Kanvili ya shafe zaure gaba ɗaya. A gurbinsa an sa ɗakin maigadi, kuma aikin maigadi shi ne ya tambaye ka ko an san da zuwanka. Dattijo mai shekara saba'in da ya goyi maigidan yana jariri sai ya tsaya a rana ana buga waya ciki. Ba a kore shi ba, an ma karɓe shi da lemon kwalba da kuɗin mota, amma ba zai sake komawa ba, mu kuma za mu ji labarin a zaure.

Duk da haka ba za mu yi wa talauci kwalliya ba. Wanda ya ce zaman tsohuwar unguwa daɗi ne zalla, to bai taɓa bin layin bayan gidan haya da asuba ba, bai ga yadda ruwan Agusta ke shiga ɗakuna idan shara ta toshe magudana ba, bai kwana da yara shida a ɗaki ɗaya cikin zafin Maris ba. Mutumin da ya yi karatu, ya sami aiki a jami'ar UDS ko asibitin koyarwa ko wata ƙungiya, ya nemi fili ya gina wa iyalinsa wurin da za su sha iska, bai yi laifi ba ko a shari'a ko a al'ada. Da yawanmu da mun sami hali da mun yi hakan. Katangar ma tana da dalili, domin ɓarayi ba tatsuniya ba ne. Abin da muke ƙi shi ne a ɗauke jiki a kuma ɗauke nauyi, sa'an nan a riƙa dawowa ɗibar albarkar wurin da aka bari.

Domin kuwa ana dawowa. Ranar suna a tsohon gida ake yanka rago, saboda a nan ne za a sami malamai da jama'ar da za su cika layi. Ɗaurin aure haka. Ranar da rai ya yi halinsa kuwa, babu wanda ke yarda a yi masa salla a bayan ƙofar ƙarfe da mutum bakwai. Gida ake kawo shi, samarin unguwa su haƙa kabari, tsofaffin unguwa su yi wanka, matan unguwa su kwana a bakin murhu. Lokacin Damba da Bugum, in makaɗan lunsi suka fito, a lungunanmu ake ajiye motoci, a ɗauki hotuna da waya a watsa a Facebook, a rubuta cewa al'adarmu abin alfahari ce. Lokacin zaɓe ma nan ake zuwa, don nan ƙuri'a take. Tsohuwar unguwa ta zama rumbun da kowa ke ɗiba, ba mai zubawa. Hausawa na cewa gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Mu namu ya juye, dawa ta ƙoshi, gida na hamma.

Akwai kuma maganar yara, wadda muke faɗa da nauyin baki. Jikokin da ake kawowa gaisuwar salla daga sababbin unguwanni, da yawansu ba sa iya mayar da gaisuwa da Hausa ko Dagbanci. Kaka ta yi wa jika wasa, jika ya dubi uwarsa a fassara masa. Ba mu ƙi Turanci ba. Mu da muka yi allo muka ƙare a zaure mun fi kowa sanin abin da rashinsa ya jawo mana a ofisoshi. Afa Ajura, wanda ya rasu a 2004, da ya kafa Anbariyya, da sauran malaman da suka buɗe makarantun Arabiyya da boko a garin nan, da sashen ilimin Musulunci da gwamnati ta kafa a 1987, duk sun nuna ana iya riƙe biyun. Amma yaron da ba ya jin harshen kakarsa, ranar da ya zama babban ma'aikaci aka kawo masa takardar Sabonjida, zai karanta ta ne kamar takardar wata ƙasa. A ɗaya gefen kuma yaranmu na nan, waɗanda suka iya gaisuwa da durƙuso, su ne ke tuƙa keke mai ƙafa uku, 'yan matan kuma wasu na gangarawa Kumasi da Accra ɗaukar kaya a ka. Kalmar kayayei da ake kiransu da ita ma daga bakinmu aka ari rabinta.

Mu ƙara da wani abu da ba a cika faɗa ba. Unguwannin da muke kira sababbi ba a daji aka kafa su ba. Ƙauyukan Dagomba ne masu tarihi, kalmar yili da ke ƙarshen Jisonayili ma gida take nufi. An yanka gonakinsu fuloti-fuloti an sayar, yau za ka ga ɗakunan laka masu rufin ciyawa a maƙale tsakanin benaye biyu, mai su ba gona, ba aikin albashi, wataƙila ma shi ne maigadin gidan da aka gina a kan gonar ubansa. Saboda haka duk wanda ya so ya mayar da wannan magana ta ƙabila, ya ce Hausawa ne a ƙasa ko Dagomba ne a sama, bai san garin ba.

Yanzu bari mu juyo kan abin da yake hannunmu, wato gidajen gado. Mafi yawan gidajen Sabonjida da Zango da Aboabo waɗanda suka gina su sun daɗe da rasuwa, kuma ba a raba gadon ba. An bar gida da sunan na kowa, aka wayi gari ba na kowa ba ne. Mai kuɗin cikin magada ba zai zuba siminti a gidan da 'yan'uwa ashirin ke da haƙƙi a ciki ba, don yana tsoron a ce zai cinye. Marasa halin da ke zaune a ciki ba su da abin gyara, sai ma su mayar da makewayi ɗakin haya don a sami na cefane, gida mai mutum arba'in ya koma dogaro da bayan gidan kasuwa. Ga shi kuwa mu ne masu ilimin rabon gado, muna karantar da shi a zaure da lissafinsa dalla-dalla, amma in an zo aiki sai kunya ta hana, a ce kada a tada zaune tsaye. Jinkirin nan shi ke haifar da ƙiyayyar da ake gudu, sai dai ta jira jikoki. A ganinmu ya kamata limamai da masu unguwa su mayar da shi ƙa'ida: bayan rasuwa da ɗan lokaci a zauna, a rubuta magada da rabon kowa, a sa hannu a gaban shaidu. In an yarda gida ya zauna a haɗe, a rubuta wanda zai kula da shi, da abin da kowa zai riƙa bayarwa, da yadda za a lissafa wa wanda ya yi gyara da kuɗinsa. Takarda ɗaya irin wannan tana kwance hannun mai hali ya yi aiki ba tare da fargaba ba.

Ga 'yan'uwanmu da suka tare a can kuwa, muna tuna musu da Alhassan Ɗantata, wanda ya yi fataucin goro a wannan ƙasa tamu kafin ya koma Kano, ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya dukiya a Afirka ta Yamma. A unguwar Koki ya zauna, cikin birni, tsakanin jama'a, zuriyarsa kuma ba ta yar da wurin ba. Ba mu ce kowa ya dawo lungu ba. Muna cewa buhun shinkafa da sukarin azumi, da ake rabawa ana ɗaukar hoto, sun yi kaɗan, kuma ba su ne buƙatar ba. Kuɗin da ake kashewa a kan rumfuna da kujerun biki ɗaya zai sayi babban tankin da lungu guda zai riƙa tara ruwa ranar da aka saki famfo. Zakkar mutum uku, in an haɗa ta wuri ɗaya maimakon a watsa ta sidi biyar-biyar a ƙofar masallaci ranar Juma'a, za ta ɗauki nauyin karatun marayu ko ta ba bazawara jari. Malamin makarantar allo da ya koya wa manyan garin nan baƙi da wasali har yau da kuɗin Laraba yake rayuwa. Shago ɗaya da aka yi wakafinsa zai riƙe shi har ya mutu, ya kuma riƙe na bayansa.

Gwamnati ma tana da nata. An kafa asusun raya zango a 2017 da ma'aikatarsa, aka yi fitilun titi da filayen ƙwallo a wurare, daga baya aka rushe ma'aikatar a 2021. Mun gode da abin da aka yi, amma da an tambayi matan unguwa da magudana da makewayi da ruwa suka fara ambata. A nan ne muka fi buƙatar 'ya'yanmu masu boko, fiye ma da kuɗinsu. Su suka san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa a majalisar birni, su suka san lokacin da ake tsara kasafi, su suka iya rubuta takardar da ba za a jefa a kwando ba. Wasiƙar da muka rubuta da hannunmu, dattawa suka dangwala yatsa, tana iya shekara a cikin fayil; in injiniya ko lauya ɗan unguwa ya ɗauke ta da kansa ya kai, amsarta daban ce. Abu na farko da za mu roƙa a nema mana ƙarami ne: a fitar da jadawalin rabon ruwa a rubuce, unguwa-unguwa, a manna a masallatai da kasuwa, a karanta a gidajen rediyo da Dagbanci da Hausa, domin mace ta san daren da za ta tashi da daren da za ta kwanta.

Dattawa sun umarce mu da mu buɗe sabon shafi a littafin unguwa, mu rubuta sunan duk ɗan Sabonjida da ke zaune a wata unguwa, da sana'arsa, da gidan da ya fito, domin a san wanda za a aika wa in maganar gidansu ko ta lungunsu ta taso. Mun fara, kuma za mu bi gida-gida bayan sallar la'asar. Wanda ya karanta wannan daga Kalpohin ko Vittin ko Gumani, ko ma daga Kumasi da Accra da ƙasashen waje, ya sanar da mutanen gidansu cewa ya yarda a rubuta shi.